Katangar Makewayin Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar moɗar nan ba. Ƙwal, haka ta ce, da na zura ta cikin randa da sassafe ta bugi gindin randar, babu ko ɗigo. Pampo ya ɗauke tun jiya. Abin da ya rage na wanke yara da shi, na ajiye wa maigida nasa, ina ta faɗin ai kafin gari ya waye ruwa zai dawo. Bai dawo ba. A ranar kuma za mu ƙauyen su maigida, can gaban Dogarawa, ɗaurin auren autarsu Rabi. Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nake jin kamar in mari bakina: "Ba komi, in mun isa na yi wanka can."

Kafin in ci gaba, ya kamata ku san da wa kuke magana. Ni doguwa ce. Kada ku kawo wa ranku irin doguwar da ake yaba wa a wajen biki, a ce wance akwai tsawo masha Allah. Nawa tsawon ya wuce wurin yabo, ya shiga wurin jaje. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, bencin baya ne mazaunina, kuma aikina na farko a duniya shi ne share saman allo inda hannun mushe, wato malaminmu, ba ya kai. A kolej, baƙo in ya shigo aji ni yake fara gaisarwa, ya zaci ni ce malamar. Turmin atamfa da wata za ta fitar da riga da zani da ɗankwali har ta rage wa ɗiyarta, ni in na kai wa tela sai ya dube ni daga ƙasa zuwa sama, ya sauke numfashi kamar na kawo masa labarin rasuwa.

A kasuwar Ƙonni kuwa ba a rasa mai hikimar da zai ce, "Hajiya, ina labarin sama? Da alamun hadari?" Kowannensu kuma gani yake shi ya fara ƙirƙiro ta. (Ina yi musu murmushi. Ladan haƙuri ma lada ne.) Maƙwabta na ƙaunata ƙwarai, musamman ranar da ƙwan lantarki ya mutu ko kaza ta hau rufin ɗaki.

Amma babbar jarrabawata ita ce katanga. Magina suna gina katanga don mutane, ni kuma ban shiga lissafinsu ba. In na bi lungu ina tafe a miƙe, sai in ga wa ke tankaɗe, wa ke faɗa da miji, wa bai share tsakar gida ba, alhali ban nema ba. Dole na koyi tafiya kai a sunkuye ina istigfari. Maigida, wanda kansa ke tsayawa daidai kafaɗata, satin da na tare ya sa aka ƙara bulo a katangar makewayinmu. Cikin duk abin da ya taɓa ba ni, har da 'yan kunnen zinari, babu kyautar da ta kai wannan.

Dangin maigida gajeru ne. Allah ya yi su a dunƙule, tsaf-tsaf, kuma gidansu daidai su suka gina shi. Lokacin da ake maganar aurenmu, Gwaggo Hassu, ƙanwar mahaifinsa, ta ce a gaban mata, "Ɗiyar lakwal, ɗiyar birni, ga kuma tsawo. Wagga ko ta durƙusa, bisa za ta dinga kallon mutane." Maganar ta iso ni har gida, kamar yadda irinta ke yi. Daga ranar na ɗaura niyya. In na ji tarin surukina, Baba Malam, daga zaure, kafin ya shigo na riga na zube ƙasa. In zai wuce, ina durƙushe. In zai fita, ina durƙushe. Shekara da shekaru bawan Allahn nan bai taɓa ganina a tsaye ba, bai kuma taɓa jin muryata ta wuce raɗa ba. Har aka fara kawo mini labari cewa yakan ce a majalisa, "Matar yaron ga akwai kunya, ba ka ce ta yi lakwal ba." Wallahi takardar kolej ɗina ban riƙe ta da daraja kamar wannan shaidar ba. Da gwiwoyina na saye ta, kuma ita ce kaɗai abin da nake taƙama da shi a gidan nan.

To, muka shiga motar haya, ni da yara, don maigida ya riga mu tafiya da babur. Zaman mota a wurina ibada ce: gwiwa a haɓa, wuya a karkace, kai na gaisawa da rufi a kowane rami. Mutumin da ke gabana ya waiwayo ya ce, "Madam, ki ɗan lanƙwasa ƙahwahun nan mana." Na ce, "Malam, in lanƙwasa su in kai ina?" Muna wuce Malbaza direba ya faɗa wani rami da zuciya ɗaya, wata baiwar Allah da ke gefena riƙe da ƙwaryar fura da nono ta juye mini rabinta a cinya. Ta yi ta ba ni haƙuri, na yi ta ba ta haƙuri, don ita ta yi asarar, ni wanka kawai na ƙara bukata.

Muka isa gida cike da mata, ana daka, ana kiɗan ƙwarya, tukwane na tafasa. Na sunkuya na shige ƙofar (na san ta, ta san goshina), na zube na gaida Inna, uwar maigida. Gwaggo Hassu na gefe tana tsince shinkafa. Ta ɗaga hanci ta shaƙa.

"Wanga turare na Ƙonni na? Tsami gare shi."

Inna ta ce, "Ke Hassu, bar mini ɗiya. Tashi ki watsa ruwa, ɗiyata, ki sa ankonki tun baƙi ba su cika ba."

Ni da na san halina, sai da na tambaya a hankali, "Inna, ina maza suke?"

"Suna ƙohwar gida, can za a ɗaura."

Makewayi kuwa a ƙuryar baya yake. Hankalina ya kwanta. Abin da Inna ba ta sani ba, mai rumfar haya bai zo ba, rana ta buɗe, mutanen ango da suka taso daga Illela sun fara fifita da huluna. Sai Baba Malam ya sa aka kwashe tabarmi aka zagaya da su bayan gida, ƙarƙashin babbar darbejiya. Darbejiyar nan, in kuna son sani, ita ce ke yi wa makewayin inuwa.

Na ɗauki bokiti na shiga a duƙe kamar mai satar kaza. Katangar, in na miƙe, iyakarta ƙasan wuyana, don haka tun daga ƙofa na tsuguna. Na rataya zanen da ya sha fura a kan katanga, na ɗora mayafina a kansa. Na ji ɗan gunaguni daga waje, gaskiya na ji, amma ga luguden mata ga kiɗan ƙwarya, sai na ce ai rediyon wani ne. Na murza sabulu, na cika kai da fuska da kumfa, har ina jin daɗin ruwan.

Sai na ji wani suuu. Na buɗe ido ɗaya. Zanena ne ke hawa katanga da kansa, yana jan mayafin, suna shirin tsallakawa waje.

Yanzu in ina ba da labarin, mata kan ce, ai da kin yi kaza, da kin yi kaza. Na gode da shawara. A lokacin ban yi tunanin komai ba. Suturata ke tafiya, kuma ba ni da wata. Na miƙe zumbur, duk tsawon da Allah ya ba ni, na zura hannu ta saman katanga, na hango wata jar akuya tsaye da ƙafafun baya, bakinta cike da zanena. Da muryar da nake kora yara daga bakin rijiya na ce:

"Saki, 'yar banza, ɓarauniya!"

Akuya ta fizge ta yi gaba da kayanta. Sannan ne na buɗe ɗaya idon.

Maza ne. Tabarma bayan tabarma, farare da shuɗɗan riguna, kowa ya ɗaga tafin hannu sama, liman na tsakiyar fatiha. Bakinsa a buɗe ya tsaya. Mutanen Illela na gefe guda da goronsu da dabino a gaba. Maigida na can ƙarshe, ya ƙura wa tafin hannunsa ido kamar an rubuta masa wani abu a ciki. A sahun gaba kuma, daidai saitina, fuska da fuska, Baba Malam.

Alhamdu lillahi, katangar ta rufe abin da Allah ya ce a rufe. Abin da ya bayyana wa jama'a shi ne kai fari fat da kumfa, dogon wuya, da hannu guda a miƙe. Mace mai hankali a nan sai ta nutse shiru, a bar mutane suna gardamar ko mutum suka gani ko aljan. Ni kuwa tarbiyyar shekaru ta motsa. Idona ya faɗa cikin na surukina, bakina bai shawarce ni ba, na ji ya ce:

"Baba, ina wuni."

Shi ma bawan Allah, tunda gaisuwa ba a barinta a ƙasa, hannunsa na sama ya ce, "Lahiya lau."

Wani daga cikin mutanen Illela, ban san ko ruɗewa ya yi ba, ya ce, "Amin."

Sai kuma na tuna ba a gaida suruki a tsaye. Na zube don in durƙusa. (A cikin makewayi, bayan katanga, inda babu mai ganin durƙuson sai ƙadangare. Ku dai bar ni.) Gwiwata ta daki bokiti, ya kife. Ruwan sabulu ya bi 'yar kafar nan da ake bari a gindin katanga don ruwa ya fita. Kun riga kun san inda ta nufa. Na ji ana "subhanallahi", ana jan takalma, muryar liman na cewa, "A ɗage tabarma, a ɗage, a ɗage."

Ga ni tsugune. Babu ruwa, babu zane, sabulu na cin idona. In kira wa? Mata ba za su ji ni ba ko da zan fasa maƙogwaro, kiɗa ya yi daɗi. Maigida na nan bayan katanga, in na yi magana zai ji, amma tunda aka ɗaura mana aure sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma yau zan fara ba, a gaban ubansa, daga makewayi. In yi addu'a, wurin ba na ambaton Allah ba ne. Sai na yi abin da ya rage mini: na yi gyaran murya. Babu wanda ya amsa.

Ina jin samari na bin akuya. Ina kuma jin wani dattijo cikin baƙi yana tambaya, a hankali wai don kada a ji:

"Bisa mi ta taka?"

Ƙanen maigida ya ce, "Ƙasa take, Alhaji."

Can dattijon ya ce, "Tabarakallah."

A nan hawaye suka zo, suka haɗu da sabulu. Abin da nake ta faɗa a raina shi ne, shi ke nan, Gwaggo Hassu ta ci gari. Ɗiyar lakwal ta leƙo taron maza ba ɗankwali, ta yi zagi a tsakiyar fatiha, ta jiƙa liman.

Sai na ji muryar Baba Malam, ba sama ba ƙasa ba. "Kowa shi juya gabas. Liman, ida muna addu'a." Aka yi ta motsi. Jim kaɗan sai ga kan sanda ya ɓullo ta saman katanga, yana rawa, ɗauke da wani farin abu. Ya gaza kaiwa, ya koma, ya sake ɗagowa. A karo na gaba abin ya faɗo mini a ka. Babbar rigarsa ce, sabuwa, mai aiki, wadda ya ɗinka don auren autarsa. Daga baya na ji cewa da 'yar shara ya ƙarasa ɗaura auren.

Kada ku yi saurin cewa Allah sarki. Tsakanin makewayi da ɗakin Inna akwai tsakar gida, tsakar gidan kuma cike take da mata. Na goge ido da hannun rigar, na zura ta. A jikin mai ita har ƙasa take ja. A nawa ta tsaya a ƙwauri. Na naɗe hannuwan a ka don in rufe gashi, na fito.

Lugude ya tsaya. Kiɗan ƙwarya ya mutu a hannun masu yi. Na ratsa su ina kallon ƙasa, kumfa na bushewa a kunnena, ƙamshin turaren surukina na bina. Saura taki kaɗan in shige, Gwaggo Hassu ta ajiye faifanta, ta gyara zama, ta ɗan rusuna.

"Sannu da hitowa, Malam. An ɗaura?"

Dariyar da aka yi, ina jin har Badaguishiri an ji ta.

Na shige ƙuryar ɗakin Inna na kife. Inna ta kawo mini ruwa har ciki na ɗauraye, tana ta danne dariya. Na sa anko, na ɗaure kayan yara. Na yanke shawara: kafin la'asar na bar garin, kuma ba za a sake ganina a nan ba sai dai in gawa aka kawo. Ina cikin haka maigida ya leƙo, riƙe da abin da ya rage na zanena.

"Ta ci wajen rabi," in ji shi. "Amma mayahin lahiya lau."

Na ce, "Kana zaune kana karanta tahin hannu."

"To mi kike so in yi? In miƙe in ce jama'a ku yi haƙuri, tawa ta?" Ya cije leɓe, ya kalli rufi. "Baba na kiranki. Ya ce ki kai mishi rigarshi da kanki."

Na ninke rigar, na fita kamar mai zuwa karɓar hukunci. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa a kan buzu. Tun daga nesa na zube, na ƙarasa da jan gwiwa, na ajiye rigar a gabansa. Na buɗe baki in ba da haƙuri, ya riga ni.

Ya ce, "Tashi."

Na ɗan ɗago.

"Tsaye nike nuhi. Tashi in gani."

Na miƙe, a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Shi ma ya miƙe. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har sai da ya dafe hularsa. Ya daɗe yana kallo kamar mai duban wata.

"Ashe abin da ake gaya mini ba ƙari ciki. Duk shekarun ga kina naɗe wanga jiki saboda ni? Gwiwunki ba su ciwo?"

Na ce, "Suna yi, Baba."

"To ki rage. Katangar can ni na gina ta, kuma daidai kaina na auna, ban san Allah na da wani shiri ba. Gobe mijinki zai kwaɓa ƙasa." Ya ɗauki rigarsa ya shinshina, ya ajiye. "Wadda ta gaishe ni cikin wancan hali, ba wanda zai koya mata ladabi, ko Hassu. Sai dai gaba, ɗiyata, ki bari sai kin hito."

Na koma na kwance kayan yara. Da ni aka kai amarya, ni ce ma na riƙe fitila, tunda an ce daga hannuna ta fi haska hanya. Washegari maigida ya wuni cikin laka. Har yau in kun je za ku ga sabon gini a saman tsohon, launinsu daban, kuma duk garin sun san don wa aka yi shi. Mutanen Illela in suka haɗu da maigida a kasuwa sukan ce ya gaida mai gaisuwa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ba a rataya zane mai fura a katanga. Gaisuwa ibada ce, amma tana da wuri. Kuma duk yadda mace ta kai ga naɗe kanta don ta yi daidai da gidan mutane, akwai ranar da wata akuya za ta miƙar da ita, gara ta miƙe da kanta tun tana sanye da kaya.

Na so in ce a nan abin ya ƙare da mutuncina. Amma da yammar ranar ɗaurin auren, ina zaune ina cin tuwon biki a bayan ɗaki inda ba kowa, sai ga Zali, 'yar ƙanen maigida, wadda ko lakwal ba a sa ta ba. Ta tsaya a gabana, ido jawur, ta sha kuka ta ƙoshi. Tausayi ya kama ni, na ce a raina ga dai mutum guda da ya ji zafin abin da ya same ni. Na jawo ta jikina na ce, "Mi an ka yi miki, uwata?"

Ta ja majina ta ce, "Tanti, kowa ya gani, ni an aike ni sayen magi. Ki sake."